Saƙon da Injin Wanki Ya Tura

Litinin, 1 ga Yuli, 4:20 na yamma

Yau kwana goma sha biyu ke nan. Ba zan rubuta kome a kan wannan ba. Littafin nan na aiki ne, don zanen wayoyi na saye shi.

Ga matsalar. Injin wankin da na kai gidanmu na Bebeji yana can ƙuryar gida, a tsohon ɗakina, don nan batiran sola suke. In ya gama yakan yi ɗan kuka sau uku ya yi shiru. Inna kuwa ko kiran salla sai an taɓa ta take sani, balle wannan. Ƙanwata Zulaihat ce ke zuba kayan, amma gidan mijinta na unguwar gaba, ga girki ga 'ya'ya. Sai ta zuba ta tafi, in ta dawo ta tarar ko dai ya gama tun ɗazu kaya sun yi tsami, ko kuma hadari ya rufe rana, batir ya ja baya, injin ya tsaya a tsakiya. Zannuwan gadon Baba huɗu ne kacal, damina kuma ba ta barin su bushe.

To, zan haɗa wata 'yar na'ura da za ta riƙa sauraren injin, in ya gama ta tura saƙo ta intanet. Ni Mujitaba mai sola, da na haska rabin Tudun Wada, wannan ɗan abin ba zai gagare ni ba.

Na gaya wa Zulaihat a waya. Ta ce, "Yaya, mu fa ba na'ura muke buƙata ba." Na ce ba na jin ta sosai, na kashe.

Laraba, 3 ga Yuli, 11:00 na safe

Kaya sun iso daga Kano, direba ya ajiye mini a tasha. Allon na'urar bai fi kwalin ashana ba. Sai wata 'yar sensa mai jin girgiza, wadda zan manna a jikin injin: in yana rawa ta san ana wanki, in ya tsaya ta san an gama. Tsohuwar wayata zan bari a ɗakin tana ba su intanet.

Na ƙone yatsa da dalma sau biyu. Shayi ne ya yi mini yawa kwanan nan.

Alhamis, 4 ga Yuli, bayan azahar

Ya ƙi kama intanet. Ni ma na ƙi cin abinci, mu ga wanda zai fara gajiya.

Asabar, 6 ga Yuli, 5:45 na yamma

Na je Bebeji na dawo.

Ɗakin Baba shi ne na farko a hannun dama in ka fito daga zaure. An sa sabon labule, ban san wa ya sa ba. Na durƙusa daga waje na ce, "Baba, barka da rana, ya jiki?" Ya amsa. Ba yadda ya saba amsawa ba, amma ya amsa. Na ɗan jima a durƙushe ina kallon takalman Inna a bakin ƙofa, sannan na miƙe na wuce ƙuryar gida.

Ban shiga ba.

Awa uku ina manna waya. Inna ta zo ta tsaya a kaina da kwanon ɗanwake, ta ce, "Kai ɗan nan, injin ka zo gaisarwa?" Na ɗaga murya na ce aiki ne mai amfani, Inna, zai rage wa Zulaihat wahala. Ta ce, "Uhm." Ta ajiye kwanon ta fita. Wannan uhm ɗin nata ya biyo ni har Tudun Wada.

Lahadi, 7 ga Yuli, 2:10 na rana

Saƙo ashirin da uku tun safe! An fara, an gama, an fara, an gama. Na ce wane irin wanki ne wannan, me ya faru? Na kira Zulaihat, ta ce sau ɗaya ta kunna injin yau.

Ashe Hauwa matar maƙwabcinmu Mainasara ce ke daka, turminta na jikin katangar ɗakin. Duk taɓarya ɗaya sensa ta ce wanki ne. Da ta huta, akuyar Inna ta shigo tana sosa ƙeya a jikin injin, ita ma aka rubuta mata nata. Zulaihat ta yi dariya har tana tari. Rabon da in ji dariyarta tun kafin ranar Larabar nan da Baba ya faɗi.

Ta ce, "Yanzu ka san sanda Hauwa ke daka da sanda akuya ke ƙaiƙayi. Saura mutum ɗaya a gidan." Wallahi yarinyar nan bakinta ya fi dalma zafi. Ni na goya ta fa.

Talata, 9 ga Yuli, 9:30 na safe

Na watsar da sensar girgiza. Akwai wani ɗan zobe da ake maƙala wa wayar wuta, shi ba ruwansa da turmi ko akuya, wutar da injin ke ja kawai yake ji. In ta yi sama an fara, in ta sauka ta yi minti biyar ba ta tashi ba an gama. Tun farko shi ya kamata in saya, kaina ne ba ya tare da ni.

Zan je in sa da azahar, lokacin Baba yana barci.

Talata, 6:00 na yamma

Na sa. Ba barci yake ba, na ji tarinsa. Ban shiga ba.

Alhamis, 11 ga Yuli, bayan la'asar

Yana aiki lafiya lau. Ko kuskure ɗaya babu. A wayata kaɗai saƙon ke shigowa tukuna, sai in kira Zulaihat in ce je ki kwashe.

Ya kamata in yi murna, amma ga abin da ban yi tunani ba. Jiya sau uku aka yi wanki. Yau kafin la'asar an yi huɗu. Gidan mutum biyu ne, tsoho da tsohuwa, ba jariri a ciki. Ina kan tsani a gidan wani Alhaji ina ɗaura faifan sola, wayar ta yi ƙara a aljihuna karo na huɗu, sai da na rungume tsanin.

Na haɗa abin don ya gaya mini an gama wanki. Ban ce ya gaya mini sauran ba.

Juma'a, 12 ga Yuli, 3:30 na rana

Yaya Ghali ya kira daga Doguwa. Shi ne babbanmu, malamin makaranta ne, kuma da muryar aji yake yi wa kowa magana.

Ya ce, "Mujitaba, kai ne kusa. Ni sai ƙarshen mako, shi ma in hanya ta yi kyau. Mutumin nan namiji yake buƙata, wanda zai ɗaga shi. Inna da tsumma take goge shi, hannunta ba ƙarfi. Zulaihat kuwa ya hana ta, ka san halinsa. Na gwada ranar da na zo, bayana ya riƙe, na kasa."

Na ce, "Yaya, ina ƙoƙari. Wa ya kai injin? Wa ya sa sola?"

Ya ce, "Allah ya saka da alheri. Injin ne zai ɗaga shi?"

Na ce masa mutane suna ganin kamar zaman banza nake yi. Ya ce ba wanda ya ce haka. Ya ce, "Me ya faru ranar, da kai kaɗai ka sani?" Na ce ba abin da ya faru. A nan katinsa ya ƙare.

Lahadi, 14 ga Yuli, 12:40 na rana

Ba saƙo tun asuba. Ko ɗaya.

Lahadi, 1:15 na rana

Har yanzu shiru. Na kira Zulaihat sau shida ba ta ɗauka ba. Na fito da babur na mayar, na sake fito da shi. In ba a yi wanki ba, ko dai ya samu sauƙi, ko kuma... A'a. Ba zan rubuta ba.

Lahadi, 2:00 na rana

Data ce ta ƙare a tsohuwar wayar. Data! Zulaihat tana wajen shanya, an yi wanki sau uku kamar kullum.

Na yi mata faɗa a kan rashin ɗaukar waya, ta bari sai da na gama tsaf, sannan ta ce, "Yaya, in so kake ka san ko yana numfashi, ɗakin fa ba a kulle yake ba."

Tsoro nake ji. Gara in rubuta shi a nan tunda ba mai karantawa. Tsoron ɗakin nan nake ji, kuma ina tsoron ranar da za a ce mini ba sai na shiga ba.

Talata, 16 ga Yuli, 5:00 na yamma

Na je Bebeji na sa wa tsohuwar wayar data ta wata guda. Ina fitowa na ji Baba ya ce, "Muji." Shi kaɗai ke kirana haka. Sau ɗaya ya faɗa, harshen da nauyi.

Injin yana matse kaya a lokacin, ƙara ta cika gidan. Na yi kamar ban ji ba.

Ranar Larabar nan ni na fara isa bayi. Ni na ɓalle ƙofar, ni na same shi a ƙasa. Kafin in sa hannu in ɗago shi na toshe hanci da hannun rigata, abu na daƙiƙa ɗaya, jikina ne ya yi ba ni ba. Idonsa a buɗe yake. Ya gani.

Mutumin da ko tari ba ya yi a gabanmu sai ya juya baya.

Alhamis, 18 ga Yuli, 4:50 na yamma

Zulaihat ta ce ta gaji da jiran kirana. Ta ce in sa saƙon ya riƙa faɗawa guruf ɗin zuri'a na waya kai tsaye, don duk wadda ke kusa, ko ita ko matar Kawu Ubale, ta shigo ta kwashe ta shanya. Kuma in mayar da shi Hausa, ba kowa ke jin Turancina ba. Gaskiyarta.

Na je na gyara. Da tsohuwar lambata zai riƙa fita, wadda kowa ya sani. Ina cikin rubuta kalmomin Inna ta leƙo ta ce, "Babanka ya ce in ka gama ka zo." Na ƙarasa rubutun a tsaye, na danna, na ce mata hadari ya haɗo, babur ba ya son ruwa.

Ba wani hadari. Har na iso Tudun Wada rana ce ƙwal.

Juma'a, 19 ga Yuli, bayan magariba, a Bebeji

Bari in rubuta shi bi da bi, ko kaina zai daina juyawa.

Wajen goma saura na safe ina kan rufin wani shago waya ta yi ƙara. Kawu Ubale ne, ƙanen Baba, daga gonarsa ta Kiru. Ko gaisuwa babu. Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa. Ga ni nan a hanya, kada a ɗauka sai na zo." Ya kashe.

Ban san yadda na sauko ba. Na bar kayan aikina a kan rufin mutane na hau babur. Wayar sai ruri take a aljihu, ban taɓa ta ba.

Akwai abin da zan rubuta, Allah ya yafe mini. Da na fita daga gari, na ɗan lokaci kaɗan, ƙirjina ya yi sakayau. Wani abu a cikina ya ce shi ke nan, ba sai ka haɗa ido da shi ba. Sai kuma maganar Kawu ta dawo mini: kada a ɗauka. Wato har an shirya shi. Wa ya yi masa wanka? Da 'ya'yansa maza biyu a duniya, wani ne ya yi. Nan kuka ya zo mini, ina tuƙi ina ihu kamar mahaukaci, masu mota suna kauce mini.

A Kwanar Ɗangora mai ya ƙare. Ana zuba mini na ciro wayar. Saƙo ɗari da wani abu a guruf, duk Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta. Na ja sama, na ja sama, in ga wa ya sanar. Sai ga lambata. Ƙarfe 9:41.

"An gama wanka. A zo a ɗauka."

Na karanta ya fi sau biyar. Wanki nake nufi. Wanki! Harafi ɗaya. Mai sayar da man ya ce, "Malam, lafiya?" Na zauna a ƙasa a gaban jarkokinsa. Na rubuta a guruf cewa injin ne, kuskure ne, Baba na nan da ransa, amma wa ke duba waya a lokacin? Kowa yana hanya.

Da na iso ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi. Zulaihat ce ta ba ni labarin abin da na rasa. Ita ta ga saƙon, ta san na injin ne, idonta bai ma kama harafin ba, ta bar wayarta a caji ta taho kwashe shanya, sai ta tarar da maza a ƙofar gida suna yi mata ta'aziyya. An riga an gaya wa liman za a yi jana'iza bayan Juma'a. An tafi maƙabarta da diga da shebur, sai da aka bi su a guje. Gwaggo Uwani, yayar Baba, ta zo daga Ɗangora, ta faɗa ɗakin da salati, ta tarar da shi a jingine Inna tana ba shi koko. Ta zube a ƙasa. Inna, da ba ta ji kome ba tun safe, ta ce, "Yaya Uwani, wa ya mutu?"

Kawu Ubale ya iso da yadin likkafani a ƙarƙashin hammata. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Injiniya."

Yaya Ghali ne ƙarshen zuwa. Ba sabis a dajin Falgore, awa biyu yana kuka a cikin mota, fasinjoji suna ba shi haƙuri. Da ya ji gaskiyar magana ya shiga ɗakin Baba ya daɗe. Ya fito ya ci kwalata a tsakar gida, a gaban mata. Na jira mari, na ma so ya mare ni. Sai ya sake ni ya ce, "Mutum hamsin sun shiga sun gan shi yau. Kowa ya shiga."

Liman ya ce tunda an taru a yi masa addu'ar samun lafiya. Aka yi. Wasu na dariya a ɓoye, wasu ba su ga abin dariya ba. Ni dai na cire na'urar daga jikin injin na sa a aljihu.

Yanzu Zulaihat ta leƙo. Ta ce, "Baba ya ce ka kwana."

Asabar, 20 ga Yuli, 7:00 na safe

Babur na nan a zaure, da mai a ciki. Sau biyu na je na taɓa shi.

Asabar, 11:30 na safe

Na shiga.

Ya rame ƙwarai. Ɓarin fuskarsa na dama ya sauka. Na durƙusa nesa, kusa da ƙofa, kaina a ƙasa, na fara jero ban haƙuri: kuskure ne Baba, sauri nake yi, harafi ɗaya ne. Ya ɗaga hannun hagu, na yi shiru.

Maganarsa ɗaya-ɗaya take fita, sai ka jira. Ya ce, "Ka gaya wa... duniya... an yi mini wanka."

Na ce, "Na tuba, Baba."

Ya ce, "Wata guda... ban yi ba." Ya huta. Sannan ya ce, "Ban haifi... maƙaryaci ba. Ɗora ruwa."

Na ɗago kai. Ɓarin bakinsa mai motsi yana rawa, na kasa gane dariya ce ko kuka. Ina jin duka biyun ne.

Na ɗora ruwa da kaina. Zulaihat ta kawo kujera 'yar tsugunno da baho ta ajiye a bakin ƙofa, ta ja Inna suka koma ƙuryar gida. Na naɗe hannun rigata har kafaɗa. Na ɗaga shi. Ashe ba nauyi, wallahi batir ɗaya na sola ya fi shi nauyi, wannan ne ya karya mini zuciya. Ya sa hannunsa mai lafiya ya riƙe wuyana.

Ina zuba ruwa na ce, "Baba, ranar nan, abin da na yi..." Ya ce, "Baya. Cuɗa... da kyau." Na sake buɗe baki, ya sake cewa, "Baya." Sai na cuɗa bayan. Hawaye na zuba a cikin bahon, bai juyo ba, ni ma ban ɓoye ba.

Na wanke masa kai, na yanke masa farce, na shafa masa mai, na sa masa farar rigarsa ta Juma'a. Da na mayar da shi gado ya lumshe ido ya daɗe, har na ɗauka ya yi barci. Na miƙe a hankali da bahon.

Ya ce, "Muji."

Na ce, "Na'am, Baba."

Ya ce, "Jibi... ka zo da soso mai laushi. Wannan... na tukunya ne."